Maganin ɗana da zafin Tawa

Ni 'yar Ader ce, a birnin Tawa nake aure, kuma ina rainon yaro mai ciwon da likitoci ke kira hemofiliya, wato jininsa ba ya daskarewa yadda na sauran mutane ke yi. Ɗan fari ne, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Babana nake ce masa, don sunan mahaifina ya ci. Duk wanda na ba labarinmu, tambayar da yake fara yi ita ce ko ana samun maganin. Wani lokaci ana samu, wani lokaci a yi ta jira. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda ake riƙe maganin bayan ya shigo hannu, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, kuran, wato wutar lantarki, kuma yana zuwa yana tafiya. Ni kuwa a nan rabin rayuwata ta tafi, kuma shi nake so in faɗa wa iyaye mata 'yan'uwana da Allah ya jarraba da irin abin da ya jarrabe ni.

A gidanmu an daɗe ana cewa jinin mazanmu ba ya jin magana. Ƙanena ya rasu bayan kaciya a ƙauyenmu, ina yarinya. Wanzamin ya yi iya abin da ya sani, an sa toka, an sa garin bagaruwa, an yi rubutu an sha. Sa'o'insa da aka yi musu tare duk suka warke suka fita, shi kuwa jini ya yi ta tsattsafowa har rai ya yi halinsa. Wani kawun Inna ma an ce haka ya tafi. Mutane suka ce maita ce, wasu suka ce sammu ne aka yi wa zuriya. Inna ba ta taɓa musu da kowa ba. Amma da na haifi Babana, wanzami ya zo cire beli, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba mai taɓa mata jika da ƙarfe. Dangin mijina ba su ji daɗi ba, har aka yi ta ƙananan maganganu. Yau duk sun san tsayuwar da ta yi a ƙofar nan ce Allah ya sa ta zama sanadin rayuwar yaron.

Da ya fara rarrafe sai tabo baƙi-baƙi suka riƙa fito masa a gwiwa da gwiwar hannu ba tare da wani faɗuwa na kirki ba. Da ya fara tafiya gwiwarsa ta dama ta kumbura, ta yi zafi, ya ƙi taka ta. Nan ma shawara ta yi yawa: wannan ya ce sanyi ne a yi tsaga, wancan ya ce a kafa ƙaho a zuƙe mataccen jini. Aka gwada amosanin jini, ba shi ba ne. Daga ƙarshe aka tura mu Yamai, can aka auna jininsa aka ce wani sinadari da ake kira fakta na takwas bai kai kashi 1 cikin 100 ba a jikinsa, alhali mai lafiya yana da tsakanin kashi 50 zuwa 150. Likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce cikin jini akwai sinadarai da ke aiki bi da bi har jini ya yi guda ya toshe rauni, in guda ya yi ƙaranci aikin sai ya tsaya a hanya. Ya ce kumburin gwiwar nan jini ne ke zuba cikin gaɓa. Uwa ce ke ɗauke da ciwon ba ta sani ba, kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya samu yana iya tsira, rabi da rabi, 'ya mace kuma tana iya ɗauka ta kai wa nata 'ya'yan. Cikin jarirai maza 5,000 akan sami kamar guda mai irin na Babana.

Na yi kuka ranar, don na ji a jikina ni na ba shi. Maigidana malamin makaranta ne, shi ya riƙa lallashina. Daga baya ya karanto mini cewa fiye da shekara dubu da ta wuce, likitan nan Musulmi na Andalus, Al-Zahrawi, ya rubuta labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Wannan ya sanyaya mini rai ƙwarai. Ashe ciwo ne da aka sani tun zamanin da, ba wanda ya jefe mu.

Maganin kansa ba shi da girma a ido. Kwali ne ɗan ƙarami, a ciki akwai kwalba mai farin gari busasshe a gindinta, da wata kwalba ko sirinji mai ruwa tsarkakakke na haɗawa. A jikin kwalin an rubuta ƙarfinsa: 250, ko 500, ko 1000. Wani daga jinin da mutane suka bayar ake tace shi, wani kuma tun 1992 a masana'anta ake yin sa, ba daga jinin mutum ake tace shi ba. A shekarun 1960, da wata masaniya a Amurka mai suna Judith Pool ta gano hanyar tara wannan sinadari daga ruwan jini, dole sai a daskare ake ajiye shi. Da har yanzu haka yake, da bai taɓa isowa Tawa ba. Busar da shi da aka iya yi ya zama gari, shi ya sa uwa irina ke iya ɗaukarsa a cikin kula. Kuɗin babbar kwalba guda ya fi albashin maigidana na wata, don haka mu ba saye muke ba, na taimako ne ke isowa hannunmu. Akwai ƙungiyar duniya ta masu wannan ciwo da aka kafa a Kanada a 1963, tana aika irin wannan magani kyauta zuwa ƙasashe marasa ƙarfi. Ita ce kuma ta sa ranar 17 ga Afrilu ta zama ranar tunawa da masu ciwon, ranar da ke faɗowa daidai tsakiyar zafinmu.

Wata malamar asibiti a Yamai, dattijuwa, ita ta koya mini komai. Tanti nake ce mata. Ranar farko ta ɗora kwalaben biyu a tafin hannuna ta ce, "'Yata, gero a rumbu sai ya shekara, amma in an dama fura, ta yau ce. Wannan garin yana da haƙuri matuƙar kin kiyaye shi daga zafi. Da ruwa ya taɓa shi, haƙurinsa ya ƙare." Duk abin da na koya bayan nan, a kan wannan maganar ya hau.

Daga Yamai zuwa Tawa tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, yini guda a bas. Ba na yarda a sa kular maganin a ƙarƙashin mota tare da kaya, inda zafin kwalta da na inji ke haɗuwa. A kan cinyata take zama, ko tsakanin ƙafafuna, a gefen da rana ba ta bugawa. Ƙanƙarar da ke ciki nakan naɗe ta da tawul, in sa kwalayen cikin roba mai murfi, don kada su jiƙe kuma kada su taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Mutane da yawa suna zaton iyakar sanyi iyakar kyau. Ba haka ba ne. Abin da ake so tsakanin digiri 2 ne zuwa 8. In ya daskare, kwalbar ruwan ko sirinjin na iya tsagewa, tsagar da ido ba zai gani ba, kuma abin da ya tsage ba a sa shi a jijiyar yaro.

A gida ma haka. A tsakiyar firigo nake ajiye shi, ba a ƙofa ba inda ake buɗewa ana rufewa, ba kuma kusa da ɗakin ƙanƙara ba. Yana zama cikin kwalinsa don haske ma ba ya masa kyau. Na sayi ɗan ma'aunin zafi na ajiye kusa da shi, da safe in duba, da dare in duba. Ƙasan firigon na cika shi da robobin ruwa, ba don sha ba, don in kuran ya tafi su riƙe sanyin. Yara sun san dokar gidan: in wuta ta ɗauke, ba mai buɗe firigo ko da wa ya zo. Na daina sayar da ƙanƙara da bisap da nake yi a da, saboda buɗe-buɗen. Ɗan cinikin nan yana taimaka mini da kuɗin cefane, amma ban yi da-na-sanin barinsa ba.

Kowane kwali yana zuwa da takarda a ninke, kuma tunda na taimako ne, ba kullum iri ɗaya ke zuwa ba. Wannan karon wannan kamfani, wani karon wancan. Maigidana ke karanta mini da Faransanci ko ya lalubo Turancin, ni kuma in rubuta abin da ya shafe ni a bayan kwalin da babban baƙi. Yawancinsu sun yarda a ajiye garin a waje da firigo na wasu watanni, wani uku wani shida, amma da sharaɗi: kada zafi ya wuce digiri 25, wasu 30. Ɗakinmu na kwano a watan Afrilu da Mayu ya wuce nan nesa tun kafin azahar. Wannan sassaucin da ke sauƙaƙa wa mutanen wasu ƙasashe, mu sai a lokacin hunturu yake mana amfani. Sharaɗi na biyu kuma, wanda ya fita ya zauna a waje ba a mayar da shi firigo a ci gaba da lissafin tsohuwar ranar lalacewarsa. Ana rubuta ranar da ya fita, a fara sabon lissafi daga nan. Likitanmu ya ce mini in wuta ta daɗe ba ta dawo ba har ma'auni ya haura 8 ya zauna can, in ɗauka kwalayen sun fita, in rubuta ranar, in fara amfani da su kafin sauran.

Shekarar 2023 ce ta fi gwada mu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka sa wa ƙasarmu Nijar takunkumi, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke a farkon Agusta, iyakoki suka rufe. Kuran sai ya zama baƙo. Kafin nan ina da dabarar da nake yi in wuta ta yi tsiya: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Wani malami ɗan arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara don ajiye kayan miya, har ya sami lambar yabo a kanta. A lokacin rani tana aiki sosai, na sha ganin ma'aunina ya sauko ƙasa da 30 a ciki alhali ɗaki na ci da wuta. Ba ta kai firigo ba, amma tana tsare magani a cikin iyakar da takarda ta yarda. Sai dai watan Agusta damina ce, iska na ɗauke da laima, ruwan rairayin ba ya bushewa da sauri, tukunyar kuma ba ta yin sanyin kirki. Na rasa yadda zan yi. Wata ma'aikaciya a ɗakin shan magani na kusa da mu, Allah ya saka mata da alheri, ta nemi izinin shugabanta aka ba mu ɗan wuri a firigon rigakafi mai aiki da hasken rana, wanda shi ma tsakanin 2 da 8 yake zama. Na rubuta a jikin robar cewa maganin yaro ne, kada a daskarar, kada a buɗe. A can ya zauna har al'amura suka daidaita. Kwali biyu kawai nake bari a gida don dare.

Ga yadda nake haɗawa. Kafin komai sai na ga jijiya. Ina ba shi ruwa ya sha, in ɗora masa tsumma mai ɗumi a bayan hannu, in ɗaura roba in duba. Sai na tabbata ga inda allura za ta shiga, sannan in kwance robar in koma kan magani. In wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, in shimfiɗa tsabtataccen zane a kan faranti, in kashe fanka don kada ta kwaso ƙura, in rufe taga in lokacin buji ne. In duba ranar lalacewa a kwalba biyun. Ba a haɗa shi da sanyinsa, don haka nakan riƙe kwalaben a tafin hannuna har sanyin ya fita. Ba a sa su a ruwan zafi, ba a shanya su a rana don a yi sauri. In cire murfin, in goge bakin robar da audugar alkol, in bari ya bushe da kansa ba tare da na hura ba. Ruwan da ya zo cikin kwalin shi kaɗai ake amfani da shi, ba ruwan allura na wani magani ba, ba ruwan leda na ƙarin ruwa ba.

In na haɗa bakin kwalaben, kwalbar garin da kanta take zuƙe ruwan. Nakan ɗan karkata ta don ruwan ya gangara ta jikin gilashi, kada ya faɗa kan garin da ƙarfi. Daga nan sai juyawa a hankali, kwalbar na tsaye a kan farantin ina kewayawa da ita, ko in mirgina ta tsakanin tafukana. Ba a girgizawa. Hannu ya saba da girgiza maganin yara na kwalba, dole sai ka hana shi da gangan. Girgiza na kawo kumfa, kumfa na ɓata sinadarin, kuma wani abin sai ya maƙale a cikinta ya ƙi shiga sirinji. Cikin 'yan mintuna garin ya narke. Sai in ɗaga kwalbar saitin haske in duba da kyau. Ya kamata ya zama garau, ba gurɓata, ba wani ɗan abu na yawo, ba canjin launi. In da shakka ba na sa masa, komai tsadarsa. Sannan in zuƙe ta matatar da ta zo cikin kwalin, a sirinjin roba, don sinadarin na manne wa sirinjin gilashi. In fitar da iska. In dubi agogo in rubuta lokacin. Allurar mai fukafukai ce, ƙarama. Da jini ya leƙo cikin siririn bututun sai in kwance robar hannu in riƙa turawa sannu-sannu, idona a kan fuskarsa, ina tambayarsa, "Babana, ƙirjinka lafiya? Ba ƙaiƙayi?" In ƙuraje suka taso ko numfashi ya yi nauyi, a tsaya nan take a nufi asibiti. In an gama a danne wurin da auduga minti 5, ba a murzawa.

Lokacin da nake rubutawa shi ne zuciyar maganar. Yawancin takardun da suka zo hannuna sun ce a yi amfani da shi cikin awa 3 bayan haɗawa, kuma da yawansu sun hana a mayar da haɗaɗɗen cikin firigo. Awa ukun ma a ɗaki mai sanyin da suka ƙayyade ake nufi. A Tawa ni ba na lissafa awa uku a matsayin nawa. Ina haɗawa ina sawa. Dalili biyu Tanti ta ba ni. Na farko, babu abin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa, duk ƙwayar da ta samu shiga lokacin haɗawa za ta hayayyafa, kuma kai tsaye cikin jini za a zuba ta. Na biyu, da ya narke ƙarfinsa ya fara raguwa, ruwan na nan garau a ido amma aikin na tafiya.

Wannan ya taɓa haɗa ni da wani majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan magani, a wani gari da muka je biki. Babana ya faɗi a wajen wasa, gwiwa ta fara cika. Kwalba guda ce a kulata, ta 1000, nauyinsa kuma kilo 20 ne a lokacin. Hannuna na rawa ranar, sai na kai shi ɗakin shan maganin garin don a sa masa. Majon mutumin kirki ne, ya karɓe mu hannu biyu, amma bai taɓa ganin maganin ba. Da ruwan ya shiga, sai ya ɗaga kwalbar zai kaɗa. Ban san sa'ad da na riƙe masa hannu ba. Na ce, "Majo, don girman Allah ka yi haƙuri, wannan ba a girgiza shi." Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya sauke. Sai ya ce zai zuba cikin ledar ƙarin ruwa ya shiga a hankali. Na ce ba a gauraya shi da komai. Na nuna masa takardar likitanmu, inda aka rubuta yadda ake lissafi: nauyin yaro, a ninka da kashin da ake so jini ya kai, a raba biyu. Kilo 20 sau 50, a raba biyu, 500 ke nan. Majo ya ce to madalla, a sa rabi yau, a ajiye rabi a firigonsu har gobe, tunda abu ne mai tsada kuma gobe ma za a buƙata. "Hajiya, wannan ai almubazzaranci ne a zubar," in ji shi.

Gaskiya maganarsa ta shiga raina, don ni na fi kowa sanin darajar abin da ke cikin kwalbar nan. Kuma bai yi ƙarya ba cewa gobe za a buƙata, don fakta na takwas rabinsa ke ƙarewa a jiki cikin awa 8 zuwa 12. Amma na san ba a kwana da shi. Na kira likitanmu a Yamai na miƙa masa wayar. Likitan ya ce ba ajiyewa ba zubarwa, a sa wa yaron duka. Dubun nan za ta kai jininsa wajen kashi 100, matakin mai lafiya ne, ba zai cutar da shi ba, kuma zai fi daɗewa a jikinsa. Ya ce ƙa'ida ita ce kwalbar da aka buɗe a ƙarar da ita. Majo ya sa masa duka, a hankali, da hannu mai kyau ƙwarai. Da muka gama sai ya roƙi in bar masa takardar cikin kwalin. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ma'aikaci na iya shekara ashirin yana aiki bai haɗu da mai wannan ciwo ba, ko ya haɗu da shi ba a gane ba. Shi ya sa nake ganin dole uwa ta san maganin ɗanta da kanta, ta kuma iya buɗe baki a gaban mai farar riga, cikin ladabi amma ba ja da baya.

Akwai kuma daren da ba na mantawa. Babana ya yi zazzaɓi da gudawa, jikinsa ya bushe, ga idon sawu ya kumbura. Mun ga jijiya, mun haɗa magani, allura na shiga jijiyar ta fashe. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, na aika aka taso ta, ita ma ta nema ta rasa. Ga magani a sirinji, ga lokacin da na rubuta yana kallona. Ban sa shi a firigo ba, ban ɗora shi a ƙanƙara ba. Na rufe bakin sirinjin da sabuwar allura mai murfi da ba a taɓa buɗewa ba, na sa shi cikin roba mai tsabta, maigida ya tayar da babur. Yaro a tsakiya, ni a baya, hannu ɗaya na riƙe da shi ɗaya na riƙe da robar. A babban asibiti muka sami wata ma'aikaciya a ɓangaren yara wadda ta saba da jijiyar jarirai. Na gaya mata ƙarfe nawa aka haɗa, ta dubi agogo, ta ɗaga sirinjin ta duba, ta durƙusa ta lalubo jijiya a ɗaya hannun. Ba a cika awa guda da haɗawa ba magani ya shiga. Tun daga ranar, in ba shi da lafiya irin wadda ke busar da jiki, ba na haɗawa a gida. Da garin da ruwan nake tafiya asibiti a rabe, sai allura ta zauna a jijiya sannan in haɗa.

Ina da littafi da nake rubuta komai: rana, gaɓar da ta yi jini, ƙarfin da aka sa, lambar da ke jikin kwalba, da yadda ya kwana. Littafin nan ne likita ke dubawa ya gane ko maganin na aiki, don wasu yaran jikinsu kan tayar da garkuwa ya riƙa kashe maganin, sai an auna jini a gane. A shafin farko na rubuta abubuwan da ba a yi masa: ba allura a ɗuwawu, ba asfirin, ba ibuprofen ko diclofenac ɗin da masu tallan magani ke miƙa wa kowa, sai parasetamol. In ya bugu a kai, magani tukuna sannan asibiti, ba a jiran a ga alama. Allurar da aka yi aiki da ita cikin jarka mai murfi take shiga, in ta cika in kai asibiti. Maganin taimako kuma sau da yawa yakan zo ranar lalacewarsa ta kusa, don haka mai gajeren kwana nake jerawa a gaba. In na ga zai lalace ban buƙace shi ba, sai in sanar da likita a nemi wani yaron.

Ta haka na san wata yarinya daga wajen Keita, ɗanta bai kai shekara uku ba. Ƙauyensu ba kuran, ba firigo. Kwalayenta a firigona suke, cikin robarsu daban da alamar jan zare, kuma ita ma na buɗe mata shafi a littafina. Ran Lahadi in sun shigo kasuwar Tawa takan biyo, mu zauna a tabarma. Ba ta yi boko ba, amma ta iya duba agogon waya, ta kuma haddace 2 da 8 a jikin ma'auni. Na tara mata kwalaben da ba komai a ciki na wanke, da su take koyon juyawa da zuƙewa. Har yanzu hannunta kan so ya girgiza, sai in ce, "Ƙanwata, sannu-sannu," ta yi murmushi ta sake. Mijinta na neman yadda za su sami ƙaramin firigo mai aiki da hasken rana. Kafin nan, in yaron ya kumbura, mota suke shiga su zo nan, mu ɗauki kwali mu wuce asibiti tare.